'Yan Amshin Da Suka Buga Nasu Faifan

'Yar'uwa mai karatu, na san kin san 'yan amshi. Kowane makaɗi da nasa, suna bayansa a tsaye ko a durƙushe, ya ɗauko baiti su cafe, ya yi shiru su rufa masa asiri har ya sami numfashi. Wata waƙar ma in kika cire amshinta babu abin da zai rage sai surutu. Amma in an tashi faɗa sai a ce waƙar wane, ban taɓa jin an ce waƙar 'yan amshin wane ba. To tarihin da na ɗauko miki yau na wasu 'yan mata ne su uku a ƙasar Ingila, waɗanda muryarsu ta karaɗe ƙasar a shekarar 1982 suna yi wa wani amshi, alhali su ma suna da tarin waƙoƙinsu na kansu a ajiye, sun rasa wanda zai buga musu. Sunan ƙungiyarsu Dolly Mixture.

Kada ki ce ina ruwanmu da kiɗan Turawa. Ba cewa na yi ki je ki nemo ki saurara ba, in kin so ki nema, in ba ki so ba shi ke nan. Abin da ya sa na ga ya dace ya shiga wannan ɗan littafi shi ne, magana ce ta aikin hannun mace, da yadda ake yi ya fita kasuwa, da sunan wanda ake rubutawa a bangonsa. Wannan kuwa ya shafi mai rubutu irina, kamar yadda ya shafi matar da ke ɗinki a ɗaki ana kwasa ana kaiwa shago a liƙa tambarin wani.

A garin Kambirij suka tashi, garin nan mai tsohuwar jami'a da ke arewa da Landan. Debsey Wykes ita ke riƙe da jita mai kaurin murya, wadda ake ce wa besi, tana kuma waƙa. Rachel Bor ita ce mai ɗaya jitar, ita ma tana waƙa. Hester Smith ita ce mai ganguna. Ƙawaye ne tun suna 'yan makaranta, kuma lokacin da suka haɗa ƙungiyar a 1978 babu wadda ta kai shekara ashirin a cikinsu, Rachel ƙaramarsu ma shekarunta ba su wuce 15 ba. Sunan da suka zaɓa na wata alawar yara ce a can, 'yan mitsi-mitsi masu launi-launi da ake zubawa a gauraye cikin leda ɗaya. Sunan yana da daɗin faɗa, amma a ganina ya ɗan cuce su, domin da yawa daga masu kuɗin sana'ar da suka ji shi sai suka ɗauka alawar ce aka kawo musu su sayar. Abin da 'yan matan ke so su ji kuwa iri biyu ne: waƙoƙin Shangri-Las, wasu 'yan matan Amurka da suka yi tashe a shekarun 1960, da kuma kiɗan Undertones, wasu samari daga garin Derry a Arewacin Ayalan masu kaɗa jita da sauri kamar ana bin su bashi. Suka haɗa taushin waccan da saurin wannan, ya zama nasu.

Kafin mu yi nisa bari in yi miki bayanin yadda sana'ar take a wancan zamani, don in ba ki gane wannan ba, ba za ki ji zafin abin ba. Babu wayar hannu, babu intanet. Waƙa ba ta isa kunnen mutane sai ta faifan garmaho, ko kaset, ko rediyo da talabijin. Faifan iri biyu ne. Akwai ƙarami mai faɗin inci 7, waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Akwai babba mai inci 12, wanda kowane gefensa ke ɗaukar wajen minti 20. Kafin a kai ga faifai sai an kama ɗakin ɗaukar murya, ana biya awa-awa, a ɗauki waƙar a kan tef, a kai a yanka ta a kan wani faifai na musamman, daga shi a yi hatimi na ƙarfe, sannan inji ya riƙa danna baƙar roba mai zafi yana fitar da kwafi ɗaya bayan ɗaya. Bayan nan ga kuɗin bango, ga motar da za ta raba wa shaguna, ga wanda zai je ya yi ta zarya gidan rediyo don a sa. Duk wannan kuɗi ne, kuma manyan kamfanoni 'yan ƙalilan ne ke da su, irin su EMI da CBS. Wanda suka zaɓa shi ake ji, wanda suka ƙi ya koma gida.

Ana cikin haka sai aka shiga yayin wani kiɗa mai hayaniya da ake kira panki, wanda aƙidarsa ita ce ba sai ka ƙware ba, ɗauki jita kawai ka hau dandamali. A watan Janairun 1977 wasu samari daga Manchesta, ƙungiyar Buzzcocks, suka ranto wajen fam 500 a wurin dangi da abokai, suka ɗauki waƙoƙi 4, suka buga kwafi 1,000 da sunan wani ɗan kamfani da suka ƙirƙira da kansu. Nan da nan ya ƙare, suka yi ta sake bugawa har aka sayar da wajen 16,000. Ai kuwa sai idon matasa ya buɗe, ashe ana iyawa. Wani shagon fayafayai a yammacin Landan mai suna Rough Trade ya zama matattarar irin waɗannan, yana karɓa yana rarrabawa, zuwa 1980 har an fara fitar da jadawalin cinikin ƙananan kamfanoni daban da na manya. Nan kalmar indi ta bazu, gutsure ce daga kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai. Da farko sunan hanyar bugawa ce kawai, sai daga baya ta zama sunan wani salon kiɗa mai sauƙi, mai daɗin bi, wanda ba a cika masa kwalliya ba.

A cikin wannan guguwar 'yan matan namu suka taso. Suka koma Landan, suka shiga wasa dare bayan dare a ƙananan zauruka. Shigarsu ma abin kallo ce, rigunan gwanjo irin na iyayensu mata, da manyan takalman Dr. Martens kamar na soja. Zaurukan kuwa yawanci samari ne cike, kuma masu son panki na lokacin suna da wata ƙazamar al'ada ta tofa wa mawaƙi yawu yana kan dandamali, wai nuna jin daɗi ke nan. Ki ƙiyasta yarinyar da ba ta kai ashirin ba a tsaye gaban irin wannan taro tana ƙoƙarin daidaita muryarta da ta ƙawarta. Duk da haka suka yi suna. Undertones ɗin da suke so suka ɗauke su zagayen wasa a garuruwan ƙasar. A ƙarshen 1979 kuma, a wani ƙaramin zaure a Landan, wasu samari huɗu baƙi daga Dublin su suka fara hawa don su ɗuma wa Dolly Mixture wuri kafin su fito. Sunan samarin U2, waɗanda daga baya suka zama cikin manyan mawaƙan duniya masu cika filin ƙwallo. Duniya ke nan.

A lokacin akwai wani mutum a gidan rediyon BBC mai suna John Peel, yana da shiri na dare, kuma al'adarsa ce ya gayyato ƙungiyar da ba a sani ba ta zo ɗakin ɗaukar murya na gidan ta yi 'yan waƙoƙi a yini ɗaya, ya sa wa duk ƙasa ta ji. Ya yi musu haka a 1979, ya kuma yabe su a shafinsa na jaridar kiɗa ta Sounds. Wanda duk Peel ya yaba, kamfanoni sukan leƙo su gani.

Wanda ya ɗauke su shi ne Chrysalis, babban kamfani, shi ke buga fayafayan Blondie a lokacin. Kowa ya ce abin nema ya samu. To amma me ya faru? Da aka tashi fitar da faifansu na farko a 1980, waƙar da aka sa a gaba ba tasu ba ce. Wata tsohuwar waƙa ce mai suna "Baby It's You" wadda wasu matan Amurka, Shirelles, suka yi tun 1961, har Beatles ma sun maimaita ta a 1963. Aka kuma ɗauko Eric Faulkner ya zama furodusa, mutumin ƙungiyar Bay City Rollers, wadda ta yi suna wajen sa ƙananan 'yan mata ihu da kuka a shekarun 1970. Waƙar da su suka tsara da kansu, "New Look Baby", ita aka tura bayan faifai. Kin san kuwa bayan faifai kamar kicin yake a gidan biki, can ake aikin amma ba can ake kai baƙi ba, gidan rediyo ba ya sa shi. Faifan bai yi ciniki ba, 'yan matan kuma suka fito fili suka ce ba su yarda da shi ba, ba su ba ne wannan, kamfani so yake ya sayar da su a matsayin 'yan yara masu kyau. Daga wannan faifai ɗaya zaman ya ƙare.

Ni ban ce mutanen kamfanin wawaye ba ne. Ɗan kasuwa abin da ya ga an taɓa saya shi yake son ya sake kasawa, tsohuwar waƙa kuwa an riga an gwada ta an ga tana ci. Laifinsu a wurina shi ne sun je zaure sun ga taro na tsalle saboda waƙoƙin da yaran nan suka tsara, amma da suka koma ofis sai suka tuna fuskokin suka manta da waƙoƙin. Na san wannan ciwon. Wani dila, ba zan kama suna ba, ya taɓa juya rubutuna a hannunsa, bai karanta ko shafi biyu ba, ya ce in je in ƙara kishiya da boka, in kuma sauya sunan littafin ya yi kama da wani da ake rububi a lokacin, sai ya zuba kuɗinsa. Na miƙa hannu na karɓo abina.

Bayan Chrysalis sai Paul Weller ya jawo su. Shi ne jagoran The Jam, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi tashe a Ingila a lokacin, kuma ya buɗe ɗan kamfaninsa mai suna Respond. Faifan farko da kamfanin ya fitar nasu ne, "Been Teen", a 1981, sai "Everything and More" a 1982. Wannan karon waƙoƙinsu ne, da muryarsu yadda suke so. Waɗanda suka tsaya a kan ɗaukar su ne Captain Sensible da Paul Gray, dukansu 'yan ƙungiyar panki ta The Damned. Masu sauraro na haƙiƙa sun so fayafayan, amma babu wanda ya shiga babban jadawalin ciniki na ƙasa.

To a nan ne labarin ya juya. Shi wannan Captain Sensible, sunansa na yanka Raymond Burns, mutum ne mai barkwanci, kullum da jar hula a kansa. Yana shirya faifai nasa shi kaɗai, sai ya kira 'yan matan su yi masa amshi. Cikin waƙoƙin akwai wata tsohuwa mai suna "Happy Talk", daga wani wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe da aka fara nunawa a Amurka a 1949. Kamar da wasa aka yi ta. Tana fita sai ta kama kamar wutar daji, a watan Yulin 1982 ta hau lamba ɗaya a Ingila ta yi mako biyu a can. A lokacin akwai wani shirin talabijin na BBC, Top of the Pops, wanda miliyoyin mutane ke zama kallo duk mako, burin kowane mawaƙi ne ya ga kansa a ciki. Dolly Mixture suka shiga, ba sau ɗaya ba, amma a bayan mai jar hula. Sai ga wata waƙar tasa, "Wot", ita ma ta yi kasuwa har a Faransa, nan ma su ne masu amshi. Kusan duk shekarar a hidimarsa ta ƙare.

A nan ina so ki yi mini adalci, ni ma in yi wa mutumin. Captain Sensible ba mugu ba ne a labarin nan. Ya so kiɗansu tun kafin ya yi wannan suna, ya tsaya a kan fayafayansu biyu, daga baya ma shi da Rachel suka yi zaman iyali har da 'ya'ya. Ba ƙwace ya yi musu ba, kiransu ya yi suka amsa, kuma wace ce za a ce ta zo ta shiga talabijin ta ƙi? Amma ita sana'ar tana da tsarinta wanda ba ya duban kirkin mutum. Kuɗin waƙa kashi biyu ne manya. Akwai na wanda ya tsara ta, wannan duk sanda aka sa a rediyo ko aka sayi faifai sai ya ɗiga, kuma na "Happy Talk" na Richard Rodgers ne da Oscar Hammerstein, waɗanda dukansu sun mutu kafin 1982, sai dai magada. Akwai kuma na wanda sunansa ke gaban faifai da kamfaninsa. Ɗan amshi ba ya cikin waɗannan manyan biyun. Abin da ya fi kuɗin ma ciwo shi ne yadda ido ke sabawa. Duk wanda ya fara ganinki a bayan wani, to a can zai ajiye ki a ransa. Shekara huɗu suna tsara waƙa suna kaɗa kayan kiɗansu da hannunsu, sai ga shi ƙasa guda ta san su a matsayin 'yan matan Captain. Tsofaffin masoyansu na ƙananan zauruka kuma, masu ganin shiga talabijin da irin wannan waƙar wasa kamar zubar da aji ne, ba lallai su yi murna ba. Gaba kura baya sayaki.

Shekarar 1983 ta same su babu babban faifai ko ɗaya, alhali ƙungiyoyin maza da suka taso tare, har da waɗancan baƙin na Dublin, sun fitar da biyu sun fitar da uku. Abin da suke da shi kawai tarin tef ne na gwaji. Bari in faɗa miki mene ne shi. In mawaƙi yana neman kamfani, sai ya kama ɗaki mai araha na 'yan awoyi, ya ɗauki waƙarsa sama-sama ya kai a ji, kamar yadda tela ke kai samfur. Ba don sayarwa ake yi ba. In kamfani ya yarda, sai a koma babban ɗaki a sake ɗauka a tsanake, a goge a shafe, shi kuma na gwajin a jefa shi akwati. A wajenmu marubuta, kamar rubutun farko ne na biro a littafin 'yan makaranta, da karce-karcensa da komai.

Su kuwa sai suka ce tunda babu mai zuwa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Suka kwaso tef-tef ɗin nan na shekaru, suka zaɓi waƙoƙi 27, suka kai aka buga a kan manyan fayafayai biyu cikin bango ɗaya. Ba su ɓoye ko mene ne ba, sunan da suka ba shi ke nan, Demonstration Tapes, wato tef-tef ɗin gwaji. Suka buɗe kamfaninsu suka kira shi Dead Good Dolly Platters, ma'ana dai fayafayan Dolly masu kyan gaske. Wani abin dariya, kalmar ƙarshen nan a Turanci asalinta sunan faranti ne na abinci kafin a ara wa na garmaho, kamar yadda mu ma muka aro sunan faifan rufe ƙwarya. Kwafi 1,000 kacal suka buga. Bangon fari fat, babu hoton kowa. Kowane kwafi an ba shi lambarsa, kuma su ukun duk sun sa hannu a kai. Ki yi lissafi, sa hannu 3,000 ke nan, ban da zura fayafayai 2,000 a cikin bango. Ni da na sha zama tsakar ɗaki ina ƙirga kwafin littafi ina ɗaurewa dozin-dozin har bayana ya ƙage, na san wannan ba aikin yini ɗaya ba ne.

Farin bangon nan ya tsaya mini a rai. Beatles ma sun taɓa fitar da fayafayai biyu cikin farin bango mai lamba a 1968, amma su ƙasaita ce, sun kai inda ba sa bukatar hoto, kuma inji ne ya buga lambobin. Na Dolly Mixture akwai rashin kuɗi a ciki, wannan babu musu, bango mai launi tsada gare shi. Amma ki tuna waɗannan mata ne da aka yi shekaru ana kallon rigarsu da fuskarsu da takalminsu kafin a saurari abin da suke faɗa. Da abin ya dawo hannunsu, sai suka fitar da kaya babu fuska ko ɗaya a jiki. Wanda ya saya babu abin da zai kalla, dole ya saurara.

In kika saurara kuwa, abin da za ki fara ji shi ne ba duka waƙoƙin ke da ƙarar murya ɗaya ba, domin ba a ɗaki ɗaya ko shekara ɗaya aka ɗauke su ba. Wata ta fito tas, wata kamar daga bayan labule. Gajeru ne, yawanci minti biyu zuwa uku, su shigo su faɗi abin da ya kawo su su fita. Gangar Hester ba ta da yanga, tana tura waƙa gaba ne kawai. Abin da ya fi komai shi ne muryoyin, yadda ɗaya ke ɗaukowa sauran su hau kanta, su rabu su sake haɗuwa, wato amshin nan da suka yi wa wani ya kai lamba ɗaya, ga shi nan suna yi wa junansu. Maganar da ke ciki kuma ta 'yan mata ce tsakaninsu. Akwai wata da ake tambayar wata yarinya mai suna Jane yadda aka yi samari ke rububinta haka, irin tambayar nan da ƙawa kan yi wa ƙawa tana dariya amma da ɗan ƙuna a ƙasan ranta. Ba zan ce miki duk 27 ɗin zinariya ba ne, akwai waɗanda da ni ce da na bar su a akwati. Sai dai da wani kamfani ne ya zaɓa, goma ko sha biyu zai ɗauka, kuma na tabbata ba lallai waɗanda suka fi daɗin zai ɗauka ba.

In kin lura, a cikin shekarun nan ne mu ma a nan Kano iyayenmu marubuta suka fara irin wannan. Manyan kamfanonin ɗab'i sun fi karkata ga littattafan makaranta, tattalin arziki ya taɓarɓare, mai labari sai ta ɗauki rubutunta ta kai ƙaramar maɗaba'a ta biya da kuɗinta, ta ɗauko ta kai wa 'yan kasuwa. A lokacin ne littattafan su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suka fara fitowa, Budurwar Zuciya a 1987. Ba haɗuwa aka yi aka shirya ba, ƙofa ce aka rufe a can aka rufe a nan, kowa ya nemi taga.

Kada kuma in yi miki daɗin baki. Cin gashin kai yana da tsadarsa. Kwafi 1,000 ba ya ciyar da mutum uku, ko da an sayar da shi kaf, kuma ba su da mai yi musu zarya gidan rediyo. A wannan shekarar sun fitar da wani ƙaramin faifai, "Remember This", da sunan kamfaninsu, shi ma iyakarsa masoya. A 1984 suka yi na ƙarshe, Fireside, a wani ƙaramin kamfani mai suna Cordelia na Alan Jenkins. Wannan ya ba mutane mamaki, domin sun ajiye jita da ganga, Debsey ta zauna kan fiyano, Rachel ta ɗauki celo, wani babban goge na Turawa da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Guda 6 ne a ciki, kuma yawancinsu kiɗa ne zalla babu waƙa. Allah sarki, matan da ƙasa ta sani saboda muryarsu, faifansu na bankwana kusan babu murya a ciki. A shekarar ne kuma wata waƙar Captain da suka yi wa amshi, "Glad It's All Over", wadda ya yi a kan yaƙin tsibiran Falkland, ta shiga cikin goman farko na jadawali. A 1984 ɗin ƙungiyar ta watse, bayan shekara shida.

Shekara biyu kacal bayan haka, a 1986, jaridar NME ta fitar da wani kaset mai suna C86 ɗauke da ƙungiyoyi 22, kuma daga nan aka fara ɗaukar irin wannan kiɗa na indi a matsayin salo mai zaman kansa. A Oksfod aka sami Talulah Gosh da mata a gaba. A Biristol, Clare Wadd da Matt Haynes suka buɗe kamfanin Sarah a 1987 daga ɗakin da suke haya, suka yi ta fitar da ƙananan fayafayai har lamba ta 100, sannan suka rufe da kansu a 1995. Kasuwar da Dolly Mixture suka yi ta nema ta ci, amma sun riga sun naɗe tabarma. Masu rubuta tarihin wannan kiɗa sukan ambace su cikin waɗanda suka share hanya. Yabo ne mai kyau, ko da yake ba ya biyan kuɗin haya.

Debsey da Hester sun sake gwadawa da wata ƙungiya, Coming Up Roses, daga baya Hester ta bar sana'ar. Cikin yaran da suka taso da son Dolly Mixture akwai Bob Stanley da Pete Wiggs, waɗanda suka kafa Saint Etienne. Da suka yi suna sai suka nemo Debsey, ta yi waƙa da su a 1993, ta kuma daɗe tana bin su wasa. Shi Bob Stanley ɗin ne ya sake fitar da tef-tef ɗin gwajin a kan faifan CD a tsakiyar shekarun 1990. A cikin tafiyar Saint Etienne Debsey ta haɗu da Paul Kelly, suka kafa ƙungiyarsu su biyu mai suna Birdie, kuma shi ne ya shirya fim ɗin tarihin matan uku, Take Three Girls, a 2008. A 2010 aka tattara ayyukansu cikin akwati mai CD uku, a 2013 Debsey da Rachel suka sake hawa dandamali tare a Landan, a 2019 kuma aka sake buga farin faifan a kan baƙar roba kamar yadda ya fara fitowa.

Faifan Chrysalis da aka kashe wa kuɗi, yau sai mai tara kayan tarihi ke nemansa. In ana maganar Dolly Mixture, waƙoƙi 27 ɗin nan ake nufi, da dusashewar tef ɗinsu da komai, domin yawancinsu ba a taɓa komawa babban ɗaki an sake ɗaukar su ba. Asalin kwafi dubun kuwa sun bazu hannun mutane, suna wuyar samu, in an samu kuma da tsada. Wanda ya yi sa'a ya ci karo da ɗaya a shagon tsofaffin fayafayai, zai ga farin ya ɗan yi ja saboda shekaru, da lambar kwafin, da sa hannun Debsey da Rachel da Hester.